Yadda ake aiki da hantsakin kama nama a ɗakin leƙen ciki: jagora ga mai taimaka wa likita

A ɗakin da ake leƙa cikin majiyyaci da na'ura, likita ne ke riƙe da na'urar yana sarrafa bakinta, amma mariƙin hantsakin da ke bi ta cikinta domin gutsuro nama ko kamo abin da aka haɗiye yana hannun mataimaki ne. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, kuma a yatsunsa ake fara jin ko kamun ya yi ƙarfi ko bai yi ba. Saboda haka wannan jagora an tsara ta ne domin ma'aikatan jinya da masu kula da kayan aiki waɗanda ke tsayawa kusa da likita a lokacin duba hanyar abinci, tumbi da hanji. Karanta ta ba zai maye gurbin koyon aiki a gaban ƙwararre ba, sai dai zai sa mai koyo ya fahimci dalilin kowane abu da ake umartarsa da shi.

Hantsakin leƙen ciki yana da sassa uku. Akwai mariƙi, wanda ke da zobe na babban yatsa da wani maɗauki mai zamewa gaba da baya. Akwai dogon jiki siriri, wanda yawanci naɗaɗɗen ƙarfe ne mai lanƙwasuwa, da wata waya a cikinsa. Sai kuma baki mai muƙamuƙi biyu a can ƙarshe. Idan aka tura maɗaukin gaba bakin zai buɗe, idan aka jawo shi baya sai ya rufe. Duk wata matsala da za a samu a wurin aiki daga ɗayan waɗannan sassa take fitowa, ko kuma daga rashin dacewarsu da na'urar da za a zura su a ciki.

Mataki na farko: auna hantsaki da na'ura

Kowace na'urar leƙen ciki tana da kafa guda wadda kayan aiki ke bi, kuma faɗin wannan kafa shi ke yanke hukuncin abin da zai shiga. Na'urar duba tumbi ta yau da kullum tana da kafa mai faɗin milimita 2.8, wadda ake yi wa aikin tsayar da jini tana kai wa 3.7, ta babban hanji tana tsakanin 3.2 da 3.8, siririyar da ake zurawa ta hanci ko ake yi wa ƙananan yara amfani da ita kuwa ba ta wuce 2.0 zuwa 2.4 ba. Hantsakin ɗaukar samfur, wato gutsuren naman da za a kai gwaji, na gama-gari kaurinsa milimita 2.2 zuwa 2.4 ne, don haka yana bin kafar 2.8 ba tare da wahala ba, amma ba zai shiga siririyar na'ura ba, wadda ke buƙatar hantsaki mai kaurin 1.8. Manyan hantsuka masu ɗebo nama da yawa suna son kafar da ta kai 3.2 ko fiye. Kamfanoni irin su Olympus, Pentax da Fujifilm suna nuna faɗin kafar a jikin na'urarsu, su kuma masu ƙera hantsaki suna rubuta mafi ƙanƙantar kafar da zai bi a kan ledarsa. A karanta duka biyun kafin a yage leda, domin ledar da aka yage ba ta komawa.

Tsawo ma haka yake. Na'urar tumbi ba ta wuce mita ɗaya da kaɗan ba, hantsaki mai santimita 160 ya ishe ta. Ta babban hanji tana kai wa santimita 168, sai an samo hantsaki mai santimita 230 ko 240. Dogon hantsaki zai yi aiki a gajeriyar na'ura, ko da yake rarar tasa tana reto tana iya taɓa ƙasa ko rigar ma'aikaci, amma gajere a doguwar na'ura ba zai ko leƙo waje ba.

Mataki na biyu: zaɓen baki

A nan ne sabon ma'aikaci ya fi yin kuskure, domin hantsukan daga nesa kamanninsu ɗaya. Na ɗaukar samfur bakinsa kamar ƙananan cokula biyu ne masu kaifin gefe, aikinsa yanka nama da riƙe shi a ciki. Wasu gefensu sumul ne, wasu suna da ƙananan haƙora domin kada su zame a kan nama mai tauri, wasu an huda bayan cokulan domin naman ya samu wurin zama ba tare da an murƙushe shi ba. Akwai kuma mai allura a tsakiya, wadda ke kafe bakin a wurin da ake so, musamman a hanyar abinci inda hantsaki ke zuwa a karkace, tana kuma riƙe gutsuren farko har a ƙara na biyu kafin a fito.

Hantsakin kamu daban yake, ba a yi shi domin yanka ba. Mai haƙorin ɓera yana da ƙugiyoyi masu kaifi a ƙarshen baki da ke shiga juna, ya dace da abu mai faɗi da tauri wanda ke da gefe, kamar tsabar kuɗi, ko bututun roba da aka taɓa sanyawa ake son cirewa. Mai bakin kada yana da dogon muƙamuƙi da jerin haƙora, yana riƙe abu da faɗi, ya fi kyau ga ƙaya, fil da abu mai laushi. Mai yatsu uku ko biyar yana ɗauko tsiron hanji da aka riga aka yanke ba tare da ya ragargaza shi ba, amma riƙonsa ba shi da ƙarfi. Ban da waɗannan akwai zarge na waya, da kwando, da raga irin ta Roth Net, waɗanda ba hantsuka ba ne amma a tire ɗaya ake ajiye su, domin abu mai santsi ko mulmulalle ba ya tsayawa a bakin hantsaki komai ƙwarewar mai riƙe da shi.

Wani nau'in da ya kamata a sani shi ne hantsaki mai haɗe da wutar ƙona jijiya. Ana amfani da irinsa wajen kama jijiyar da ke zubar da jini a ƙona ta. Tsohuwar al'adar cire ƙananan tsiron hanji da hantsaki mai wuta kuwa an bar ta, saboda tana ƙona samfurin, tana barin saura, kuma tana iya raunata bangon hanji. Yanzu zarge marar wuta ake fifitawa, hantsaki marar wuta kuma sai ga tsiron da bai wuce milimita 3 ba.

Mataki na uku: dubawa kafin a zura

A duba ledar ko ta huje, a duba ranar ƙarewar wa'adi, sannan a fito da hantsakin a naɗe shi sau ɗaya ko biyu a hannu, a buɗe a rufe. Dalilin naɗewar shi ne, hantsakin da ke aiki a miƙe yana iya ƙin buɗewa idan ya lanƙwashe a cikin na'ura. A tabbata muƙamuƙan biyu suna haɗuwa daidai, babu wanda ya goce, kuma babu karaya ko tanƙwara a jiki. Hantsakin da bakinsa ba ya rufewa ruf ba a zura shi, domin zai karce cikin kafar na'urar, gyaran kafa kuwa ya ninka kuɗin hantsaki sau da yawa, banda cewa karcewar tana zama maɓoyar ƙwayoyin cuta.

Kafin nan kuma ya kamata a san ko majiyyaci yana shan maganin tsinka jini. Ɗaukar samfur aiki ne mai ƙarancin haɗarin zubar jini, ba a dakatar da asfirin dominsa, amma mai shan wafarin sai an ga sakamakon gwajin jininsa na kwanan nan, kuma likita ne ke yanke shawara.

Mataki na huɗu: zurawa da amsa umarni

Ana zura hantsaki a rufe, mataimaki yana riƙe da maɗaukin a jawo ba tare da matsewa da ƙarfi ba, domin matsewa tana sandarar da jikin hantsakin ya ƙi bin lanƙwasa. Ana tura shi kaɗan-kaɗan, hannu kusa da murfin roba na bakin kafa, saboda turawa daga nesa ita ke tanƙwara shi. Idan aka ji ya cije, kada a tilasta. Galibi bakin na'urar ne ya lanƙwashe sosai, kamar lokacin da likita ya juya ta baya domin duba saman tumbi, sai ya sassauta lanƙwasar, hantsakin ya wuce, sannan ya mayar da ita yadda take. Idan an kusa ƙarshe a rage sauri a zuba ido a kan allo, domin hantsakin da ya faso waje da ƙarfi yana iya soke bangon da ke gabansa. A na'urar tumbi yakan bayyana ta ƙasa wajen hagu, a ta babban hanji kuma ta ƙasa wajen dama, shi ya sa likita ke juya na'urar har abin da yake nema ya dawo ƙasan allo.

Umarni biyu ne kawai, buɗe da rufe, kuma bai kamata mataimaki ya yi ko ɗaya ba sai an faɗa. Ya kuma riƙa amsawa da baki, ya ce, "Na buɗe, likita," ko "Na rufe," domin idon likita yana kan allo, ba ya ganin hannunsa. Rufewa a hankali ake yi, a ci gaba da riƙewa har hantsakin ya fito gaba ɗaya. Wajen fitowa a sa ƙyallen bandeji a bakin kafa ana share jikin hantsakin yayin da yake zamowa, a rage sauri a ƙarshe domin kada ruwan ciki ya fantsamo a fuska.

Mataki na biyar: ɗaukar samfur mai amfani

Samfurin da aka ɗauka daga nesa, hantsaki ya miƙe can yana reto, yakan zo ƙarami kuma na sama-sama. Dabarar da ta fi ba da nama mai kyau ita ce a buɗe hantsakin, a jawo shi baya har ya manne da bakin na'ura, likita ya juya bakin zuwa bango, ya zuƙe iska kaɗan domin tantanin da ya lulluɓe bangon ya faɗo cikin cokulan, sannan a rufe a fizge. Idan ciki ya cika da iska tantanin yakan miƙe ya yi siriri, rage iskar ke sa a samu abin kamawa.

Yawan gutsuren da wurin da za a ɗauka ba abin ganin dama ba ne. Tsarin Sydney na binciken kumburin tumbi ya tanadi gutsure 5: biyu daga ƙasan tumbi, biyu daga tsakiyarsa, ɗaya daga kusurwar da ke tsakaninsu. Gyambo ko ƙari da ake zargin ciwon daji ne ana ɗaukar aƙalla 6, daga gefen gyambon inda nama ke da rai, domin tsakiyarsa sau da yawa mataccen nama ne da ba zai nuna komai ba. A irin wannan wuri gutsuren farko ya fi kowanne daraja, tun da jini zai rufe wurin bayansa, saboda haka a nufi inda aka fi zargi tun da fari. Idan ana neman cutar rashin jure alkama, ana ɗaukar aƙalla 4 daga sashe na biyu na farkon ƙaramin hanji, da ɗaya ko biyu daga bakinsa. Ƙwayar cutar Helicobacter pylori mai haddasa gyambon ciki, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a birnin Perth na Ostareliya a farkon shekarun 1980, ana iya rasa ta a samfur idan majiyyaci ya sha maganin rage sinadarin tumbi irin omefirazol a cikin makonni 2 da suka wuce, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin makonni 4, don haka a tambaye shi a rubuta a takarda.

Akwai wuraren da ba a kai musu hantsaki ko kaɗan. Kumburarrun jijiyoyin jini na hanyar abinci da saman tumbi su ne kan gaba, kuma a ƙasar Hausa, inda ciwon hanta nau'in B da tsargiyar hanji ke lalata hanta, ana yawan cin karo da su. Na saman tumbi suna iya kama da ƙari ko naɗin tantani, gutsurarsu kuwa tana jawo zubar jini mai wuyar tsayarwa. Haka nan duk kumburin da ake ganin yana bugawa.

Da zarar samfur ya fito a saka shi a kwalbar fomalin, wato ruwan adana nama, mai kashi 10 cikin ɗari, ruwan ya ninka naman aƙalla sau 10. A buɗe bakin hantsakin a cikin ruwan a girgiza shi a hankali, kada a tono naman da allurar sirinji, domin tana yaga shi kuma tana soke ma'aikaci. Hantsakin da ya taɓa fomalin sai an ɗauraye shi da ruwa mai tsabta kafin ya koma cikin mutum. Samfurin gwajin gaggawa na Helicobacter ana fara ɗaukarsa kafin hantsaki ya taɓa fomalin, wanda za a kai domin shuka ƙwayar tarin fuka, wato rainonta a ɗakin gwaji, kuma a ruwan gishiri na asibiti ake sa shi, domin fomalin yana kashe abin da ake son shukawa. Kowane wuri da kwalbarsa, kuma a jikin kwalba ake rubuta suna da wuri, ba a kan murfi ba, tun majiyyaci bai bar ɗakin ba.

Mataki na shida: ciro abin da aka haɗiye

Kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abubuwan da ake haɗiyewa suna fita da kansu, waɗanda suka rage su ne ke zuwa wannan ɗaki. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin leƙen ciki ta Turai ta 2016 ta ce batir ko abu mai tsini da ya maƙale a hanyar abinci, ko abin da ya toshe ta har mutum ba ya iya haɗiye yawu, a cire shi cikin awa 2 in da hali, kada a wuce awa 6. Batirin agogo mai faɗi ya fi komai gaggawa, domin yana haifar da sinadari mai ƙona nama a inda ya maƙale, a hoto kuma yana kama da tsabar kuɗi, sai dai yana nuna zobe biyu a gefensa. A Nijar da sauran ƙasashen sefa, inda tsabar kuɗi ke yawo a hannun yara, wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai. Abin da faɗinsa ya wuce santimita 2.5 da wuya ya fita daga tumbi, wanda tsawonsa ya wuce santimita 6 kuma yakan maƙale a lanƙwasar farkon hanji. Maganaɗisu fiye da ɗaya shi ma ba a jira da shi, domin suna manne wa juna ta bangon hanji su huda shi.

Shawara mafi amfani a nan ita ce a gwada a waje. A ce wa dangi su kawo irin abin da aka haɗiye, a gwada kama shi da haƙorin ɓera, da bakin kada, da zarge, da raga, a ga wanda ya riƙe shi da kyau. Mintuna kaɗan da za a ɓata a kan tire sun fi rabin awa ana kokawa a cikin tumbin yaro.

Tsabar kuɗi ana kama gefenta da haƙorin ɓera. Batir raga ta fi dacewa da shi, idan kuma ya manne da bango har sai an sa hantsaki, a kama shi a hankali kada a huda shi. Dogon abu kamar cokali ko buroshin haƙori ana zarge shi kusa da ƙarshe ɗaya domin ya miƙe ya bi hanya, kamun tsakiya yana sa ya gindaya. Loma ta nama da ta maƙale ana cire ta gutsure-gutsure da raga ko zarge, ko a tura ta tumbi a hankali idan likita ya ga hanya, sannan a ɗauki samfur domin a san abin da ya sa ta maƙale. Ƙunshin miyagun ƙwayoyi da aka haɗiye ba a kama shi da hantsaki, saboda fashewarsa tana iya kisa.

Abu mai tsini yana da ƙa'idarsa, wadda ake dangantawa da Chevalier Jackson, likitan Philadelphia a Amurka wanda abubuwa fiye da 2,000 da ya ciro daga jikin mutane ke ajiye a gidan tarihi na Mütter: tsinin da ke gaba shi ke huda, wanda ke biye a baya ba ya huda. Don haka ana kama fil, allura ko ƙashin kifi ta yadda tsinin zai kasance a baya yayin fitowa, ko kuma a jawo tsinin cikin bututun kariya da ake zura na'urar a cikinsa, ko cikin hular roba da ake ɗaurawa a bakinta. Reza da haƙoran roba masu ƙugiyar ƙarfe ba a jawo su tsirara.

Abin da aka kama ba ya bin kafar kayan aiki. Ana jawo shi ya matso bakin na'ura, sannan a fito da na'urar da hantsakin tare, ana hura iska domin hanya ta buɗe, mataimaki kuma bai sassauta riƙo ko na daƙiƙa ɗaya ba. Wurin da abu ya fi kuɓucewa shi ne matsatsin saman hanyar abinci, kimanin santimita 15 daga haƙoran gaba, kuma idan ya kuɓuce a nan hanyar numfashi ce a kusa. Shi ya sa ake sa wa yara da masu haɗarin shaƙewa bututun numfashi kafin a fara. Bayan an fito da abin, likita yakan koma ya duba ko an bar rauni ko saura.

Abin da ya faɗa hanyar numfashi aikin wata na'ura ce daban. Tun 1897 Gustav Killian ya ciro ƙashi daga huhun wani mutum a Freiburg ta Jamus da miƙaƙƙen bututun ƙarfe, kuma har yau irin wannan bututu ake fifitawa ga yara. Ƙwayar gyaɗa, wadda yara ƙanana ke yawan shaƙa, tana jiƙewa ta yi laushi, hantsaki mai haƙora zai farfasa ta, don haka akwai na musamman mai faffaɗan baki da ke rungumar ta. Fil ɗin ɗaura mayafi da mata ke riƙewa a leɓe yayin gyara lulluɓi shi ma yakan bi wannan hanya idan aka yi dariya ko tari.

Mataki na bakwai: wankewa da kashe ƙwayoyin cuta

A rabe-raben Spaulding, wanda asibitoci ke bi wajen tsabtace kayan aiki, duk abin da ke huda tantani ya taɓa jini yana cikin rukuni mafi haɗari, kuma hantsakin samfur a nan yake. Jiƙa shi a ruwan kashe ƙwayoyin cuta na gulutaraldehaid na mintuna 20, kamar yadda ake yi wa ita na'urar, bai wadatar ba. A 1997 likitoci a birnin Nancy na Faransa sun wallafa rahoton yadda ciwon hanta nau'in C ya tashi daga wani majiyyaci zuwa wasu biyu da aka duba babban hanjinsu bayansa, binciken kuma ya nuna ba a goge kafar na'urar da buroshi ba, ba a kuma turara hantsakin ba.

Hantsakin da ke da alamar lamba 2 a cikin da'ira an soke ta da layi na amfani sau ɗaya ne, a jefa shi a akwatin kayan tsini, musamman mai allura. Tsadar kaya tana sa wasu wurare su riƙa wanke irin wannan suna maimaitawa, alhali ba a ƙera shi yadda za a iya wanke cikinsa ba, kaifinsa kuma yana dakushewa. A ganina, ɗakin da ba zai iya sayen sabo ga kowane majiyyaci ba gara ya sayi hantsuka masu jure turara guda da yawa, waɗanda za su ishi aikin yini, ya kuma kula da su yadda ya kamata.

Kulawar tana farawa nan take bayan aiki, kafin jini ya bushe a tsakanin naɗin ƙarfen. A tsoma hantsakin a ruwan sabulun asibiti mai narkar da jini da majina, a goge bakin da ƙaramin buroshi yana buɗe, sannan a sa shi a injin wanki mai girgiza ruwa da sauti na kimanin mintuna 30, domin buroshi ba ya isa cikin naɗin. A ɗauraye, a busar, a ɗiga man da aka tanada domin kayan tiyata a mahaɗin bakin, a gwada buɗewa da rufewa, a naɗe shi da faɗi kusan santimita 20 domin kada wayar ciki ta tanƙware, a sa a ledar turara. Ana turara shi a tukunyar tururi a zafin digiri 134 na tsawon mintunan da kamfanin ya ƙayyade, a duba alamar jikin ledar ta sauya launi, a rubuta kwanan wata, a ajiye a busasshen wuri. Ledar da ta fito da danshi ko ta huje ana ɗaukar abin cikinta a matsayin wanda ba a turara ba, sai a sake aikin daga wanki.